Wa Ya Kamata Ya Biya Malamin Firamare? Tarihin Taƙaddamar Daga Bakin Iyakar Illela

Makalarmu ta wannan mako za ta waiwayi wata gardama da ta girmi yawancinmu: idan aka ce an yi wa malamin firamare ƙarin albashi, daga aljihun wa kuɗin za su fito? Mun zaɓi mu kalle ta daga Illela, domin gari ne da mutum zai bar makarantar Najeriya, ya hau babur, cikin 'yan mintoci ya tsaya ƙofar makarantar Nijar a Birnin Ƙonni. Harshe ɗaya, dangi ɗaya, amma hanyar biyan malami daban.

A zamanin Turawa amsar a fili take. En'e ke da makarantun elemantare, albashi kuma daga Baitulmali yake fitowa, wato daga haraji da jangali. Makarantun kaɗan ne, malaman kaɗan, shi ya sa ake iya riƙe su da mutunci. Daga cikinsu Sardauna Ahmadu Bello ya fito, wanda ya koyar a Midil ta Sakkwato, haka ma Shehu Shagari. Mu da muke koyon rubutu kada mu manta, Abubakar Imam da Abubakar Tafawa Ɓalewa da alli suka fara. Duk da haka ba a rasa ƙorafi ba, don a 1948 Malam Aminu Kano ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman Arewa.

Kuɗin man fetur ne suka sauya komai. A 1974 Janar Yakubu Gowon ya yi shelar ilimin firamare kyauta ga kowa, kuma a shekarar ne kwamitin Udoji ya ba da shawarar ƙarin albashin da har yau dattawa ke ba da labarinsa. A Satumbar 1976 gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da shirin UPE, tarayya ta ce ita za ta ɗauki nauyi. An yi lissafin yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya, sai ga kimanin miliyan 3. Aka buɗe kwalejojin horar da malamai a gaggauce, aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna, aka ɗebi duk wanda ya iya riƙe alli. Ƙauyukan da ba su taɓa ganin allo baƙi ba suka samu aji, ko da a gindin bishiya ne.

Daɗin bai daɗe ba. Tsarin mulkin 1979 ya ɗora firamare a wuyan jihohi da ƙananan hukumomi, tarayya ta zare hannunta, farashin mai kuma ya faɗi a farkon shekarun 1980. Malamai suka riƙa shafe watanni babu albashi. Abin takaici, wannan ya faru ne lokacin da tsohon malamin makaranta, ɗan Jihar Sakkwato, ke mulkin ƙasar.

Nan ne gardamar ta yi tsami, kuma nan ya kamata mu dakata mu duba da kyau. A 1988 gwamnatin Babangida ta fitar da doka mai lamba 31, ta kafa hukumar ilimin firamare ta ƙasa, tarayya ta ɗauki kashi 65 cikin 100 na albashin malaman. Albashi ya fara zuwa a kan kari. Shekara uku kacal, a 1991, ita dai wannan gwamnatin ta rushe hukumar, ta ce kowace ƙaramar hukuma ta biya nata malaman daga kasonta. Shugaban ƙaramar hukuma ya ga cewa idan ya biya malamai babu abin da zai rage na rijiya ko kwalbati, to sai malamai su jira. Yajin aiki ya barke ko'ina, har a 1993 aka dawo da hukumar da doka mai lamba 96, aka koma cire albashin malamai tun daga sama kafin kason ya sauko. Sai kuka ya koma ɓangaren ƙananan hukumomi, wasu suka ce bayan an cire na malamai ko sisi ba ya iso musu. Cikin shekara biyar an gwada hanya uku, yaron da ya shiga aji ɗaya a 1988 kuwa duk a kansa aka yi gwajin.

Sakkwato ta sake shiga tarihin a ranar 30 ga Satumba, 1999, da Obasanjo ya zo ya ƙaddamar da shirin UBE. Dokar shirin ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, da sharaɗin jiha ta ajiye nata daidai da abin da za ta karɓa. Sai dai kuɗin na gina aji ne da kayan aiki da horo, albashi ba ya ciki. Shi ya sa za ka ga ginin makaranta sabo fil da fenti, malamin da ke ciki kuwa yana bin ariyas.

Tun daga nan salon bai canza ba: Abuja ta yi shela, wani ya biya. A 2008 ƙungiyar malamai ta NUT ta yi yajin aiki na makonni, gwamnoni suka amince da ƙarin kashi 27.5, kowace jiha kuma ta aiwatar lokacin da ta ga dama. A ranar 5 ga Oktoba, 2020, gwamnatin Buhari ta yi alkawarin tsarin albashi na musamman da alawus ga masu koyarwa a karkara, tare da ɗaga shekarun ritaya zuwa 65. Na ritayar ya zama doka a 2022. Tsarin albashin kuwa ba tarayya ce ke biyan malamin firamare ba, balle ta cika shi.

Masu cewa tarayya ta karɓi albashin suna da hujja mai ƙarfi, kuma mu ma can muka fi karkata: lokacin da aka killace kuɗin malami, ba ya bi ta hannun ɗan siyasar gari, shi ne lokacin da ya fi samun hakkinsa. Masu adawa su ma ba shirme suke faɗa ba. Ma'aikaci a Abuja bai san ko malamin da aka rubuta a wani ƙauyen bakin iyaka yana zuwa aji ba, ko ma yana raye, kuma wanda ba shi ke biya ba, ba a jin tsoron sa idonsa.

Ƙonni na ja mana kunne. A Nijar gwamnatin Yamai ce ke biyan malami, ba magajin gari ba. Da nauyin ya yi mata yawa, daga ƙarshen shekarun 1990 sai ta koma ɗaukar malaman kwantiragi a kan kuɗi ƙasa da na cikakken ma'aikaci, har suka zama su ne mafiya yawa, kuma yajin aiki kan jinkirin biya ya zama ruwan dare. Ashe ita ma gwamnatin tsakiya ta iya cin bashin malami. Abin da malamin Ƙonni ya fi na Illela da shi a 'yan shekarun nan shi ne sefar da ke hannunsa ba ta zube kamar naira ba, alhali kasuwa ɗaya suke ci.

A watan Yulin 2024 abubuwa biyu suka zo tare: mafi ƙarancin albashi ya koma naira dubu 70, Kotun Ƙoli kuma a ranar 11 ga watan ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. Mutane da yawa sun yi murna, amma NUT ta daɗe tana cewa a ba su 'yanci, a cire albashin malamai daga hannunsu, don ba ta manta da 1991 ba. A 2025 malaman firamare na Abuja, inda ƙananan hukumomi ke biya, suka rufe makarantu fiye da wata uku a kan wannan dubu 70 ɗin.