Daga Rumbu Zuwa Akushi: Tarihin Cimar Boɗinga da Shagari

A shekarun da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna a Sifawa, kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙasar Boɗinga ta ɗauki nauyin ciyar da ɗimbin malamai da almajirai. Da me aka ciyar da su? Da gero da dawa daga rumbun manomi, da nono da man shanu daga rugar makiyayi.

Masana a yau sun kasa abinci gida uku: mai ba da ƙarfi, mai gina jiki, da mai kare shi daga cuta. Kakanninmu ba su san wannan rabo da suna ba, amma akushinsu ya tara duka ukun. Tuwo da fura ke ba da ƙarfi. Nono da wake da gyaɗa da daddawa ke gina jiki, kuma abin da gero ya gaza bayarwa na wannan ginin, su ke cike gurbinsa. Kuka da zogale da yakuwa kuwa, tare da goruba da magarya da yara ke ɗebowa a daji, su ne garkuwa.

Farin 1973 da na 1984 sun girgiza wannan tsari. Dabbobi suka mutu, nono ya yi wuya, gidaje da dama suka koma ga hatsi tsura. A tsakanin farin biyu ne ɗan wannan ƙasa, Shugaba Alhaji Shehu Shagari, ya ƙaddamar da shirinsa na bunƙasa noma a 1980, domin Nijeriya ta ciyar da kanta.

Mu kuma da muka yi ƙaura zuwa birane, sai muka sauya cima da kanmu. Farar shinkafa da taliya da burodi da lemon kwalba suka ture fura da kwaɗon zogale. Ga shi ciwon suga da hawan jini sun zama ruwan dare a tsakaninmu, alhali a gida tamowa na addabar yaran da koko kaɗai ake ba su.

Saboda haka, 'yan uwa, mu mayar da wake da ganye cikin tukunyarmu. In za mu yi aike gida, kada ya tsaya ga buhun shinkafa. A haɗa da wake da gyaɗa, ko a saya wa iyali akuya mai ba da nono. Allah ya sa mu dace.