Muhandisin: Yadda Ake Tafiyar da Harkokin Unguwa da Inda Baƙo Zai Kai Kukansa



'Yan uwa masu karatu, da wuya wata ya wuce wani daga gida bai bugo mini waya ba cewa yana nan tafe Alƙahira, ko ya kawo mara lafiya asibiti, ko ya kawo yaro makaranta, ko ya zo sarin kaya, kuma an ba shi shawarar ya kama gida a Muhandisin. Tambayoyin duk iri ɗaya ne: nawa ne haya, akwai masallaci kusa, ana samun abinci irin namu? Ba mai tambayar inda zai kai kuka in ruwa ya ɗauke, ko masai ya toshe, ko mai gida ya riƙe masa kuɗi, sai bayan abin ya faru. Ni karatun injiniya ya kawo ni Masar a farkon shekarun 1990, aiki kuma ya zaunar da ni a wannan unguwa, shi ya sa na ga ya dace in rubuta ɗan abin da na sani.

Maganar a taƙaice ita ce: a gida mutum kan je wurin mai unguwa, ko kansila, ko ya nemi wanda ya san ciyaman. A Muhandisin babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Kowace matsala tana da ofishinta, kuma takarda ce take magana. Wanda ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ya huta, wanda bai sani ba kuwa ya yi ta yawo da kuɗin tasi.

Ina ne Muhandisin?

Ko da yake kowa yana cewa Alƙahira, a tsarin mulki Muhandisin tana cikin lardin Giza ne, a yammacin kogin Nilu, tsallaken Zamalik. Ma'anar sunan da Larabci ita ce injiniyoyi. Asalin wurin gonaki ne da ke hannun Ma'aikatar Waƙafi. A ƙarshen shekarun 1940 magini Mahmud Riyad ya zana taswirar sabon gari a wurin, aka sa masa suna Madinatul Auƙaf, sannan a shekarun 1950 aka riƙa sayar da filayen ga ƙungiyoyin ma'aikata. Daga nan aka sami ɓangaren injiniyoyi, da na 'yan jarida wato Sahafiyin, da na malamai, da na likitoci, har sunan injiniyoyin ya rinjayi sauran.

Babban titin unguwar shi ne Jami'atud Duwal al-Arabiyya. Akwai kuma titin Shihab, da Suriya, da Wadin Nil, da dandalin Lubnan, da masallacin Mustafa Mahmud, inda masu sallar idi kan cika fili har su malala kan titi. A tsakiyar benayen akwai Mit Uƙba, tsohon ƙauye da birni ya zo ya kewaye, nan ne mazaunin kulob ɗin Zamalik. In ka tsallaka titin Sudan da layin dogo ka shiga Ardul Liwa da Bulaƙ Dakrur, inda haya ta fi sauƙi. Tun watan Mayu na 2024 layi na 3 na jirgin ƙarƙashin ƙasa yake ratsa unguwar, da tashoshi a Taufiƙiyya da Wadin Nil da Jami'atud Duwal, har zuwa Jami'ar Alƙahira.

Wa yake mulkin unguwa?

Doka mai lamba 43 ta 1979 ce ta tsara ƙananan hukumomi a Masar. Ƙasar tana da larduna 27, kowane da gwamnan da shugaban ƙasa yake naɗawa. A cikin birni ana raba lardi zuwa gundumomi, kowace ana kiranta hayyi. Babu wata gunduma mai suna Muhandisin: mafi yawanta tana ƙarƙashin hayyin Aguza, wani yanki na kudu kuma yana ƙarƙashin hayyin Dokki. Saboda haka abu na farko da za ka tambayi mai gida shi ne: wannan titi na wane hayyi ne? Amsar ce za ta nuna maka ofishin gundumarka da ofishin 'yan sandanka.

Shugaban hayyi ma'aikaci ne da aka naɗa, ba zaɓarsa aka yi ba. A doka akwai majalisun jama'a da ya kamata su sa masa ido, kamar kansilolinmu. An yi zaɓensu na ƙarshe a watan Afrilu na 2008, kujeru fiye da 50,000 a faɗin ƙasar, kotu ta rushe su a watan Yuni na 2011, kuma har zuwa 2025 ba a sake zaɓen ba, duk da cewa sashe na 180 na tsarin mulkin 2014 ya tanade su, har ya ware kashi ɗaya cikin huɗu na kujerun ga mata, wani ɗaya cikin huɗun ga matasa. Mu da muka saba da kantomomin riƙo a ƙananan hukumomi 774 na Nijeriya, wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

Wane aiki ne na wa?

Hayyi ne yake ba da izinin gini da na rushewa, da lasisin shago bisa doka mai lamba 154 ta 2019. Shi ne yake kula da ƙananan tituna da fitilunsu, yake kwashe kujerun masu shayi da rumfunan da suka tare hanya, yake kuma tura kwamiti ya duba ginin da ake tsoron zai rufta. Ana shigar da yawancin buƙatu ta taga ɗaya a wani sashe da suke kira markaz teknoloji, a ba ka rasit mai lamba.

Ruwan famfo da magudanar ƙazanta na kamfanin ruwa na Giza ne, lambarsu 125. Wuta ta kamfanin rarraba lantarki na Kudancin Alƙahira ce, lambar gaggawa 121. In ka ji warin gas ka kira 129. 'Yan sanda 122, motar asibiti 123, 'yan kwana-kwana 180. Takardar izinin zama kuwa, wato iƙama, ba ruwan hayyi da ita: aikin hukumar fasfo ne ta Ma'aikatar Cikin Gida, wadda babban ofishinta ya tashi daga ginin Mujamma na dandalin Tahrir ya koma Abbasiyya a 2019.

Abin da yake cikin gini

A nan ne mutanenmu suka fi shan wahala, domin abin da yake daga bakin ƙofar bene zuwa ciki ba na gwamnati ba ne. An zana Muhandisin ne don gidajen iyali masu lambu da ƙananan benaye. Bayan Shugaba Anwar Sadat ya buɗe ƙofar kasuwanci a 1974 farashin fili ya tashi, aka yi ta rushe ƙananan gidajen ana kafa dogayen benaye a kan titunan da ba a ƙara musu faɗi ba. Filin da da iyali ɗaya ne a kansa, yau sai ka sami iyali 40 da ofisoshi da ɗakunan likitoci. Ƙarfin ruwan famfo ba ya kaiwa hawan sama sai da injin turawa da tanki, kuma injin da tankin da lifta duk nauyin mazauna ne. Dokar gini mai lamba 119 ta 2008 ta ce ginin da yake da sassa 5 zuwa sama a kafa masa ƙungiyar mazauna, ittihadush shagilin, a yi mata rajista a hayyi, ita za ta riƙa tara kuɗin gyara.

Na ga illar rashin sanin wannan da idona. Wani dattijo daga gida ya zo wankin ƙoda, sau uku a mako, 'ya'yansa suka kama masa gida a hawa na 9 saboda sun ga sauƙin kuɗi. Kwana goma da tarewa lifta ta tsaya. Babban ɗansa ya wuni a ofisoshi yana neman wanda zai gyara, aka gaya masa cewa wannan maganar mazauna ce. Da muka bincika sai muka tarar asusun ginin babu komai, masu gida da 'yan haya kowa yana jiran ɗan uwansa. Kusan mako biyu ɗalibanmu suna saukar da Baba a kan kujera suna hawar da shi, kafin muka sama masa wani gida a hawa na 1, kuma kuɗin watan da ya rage bai dawo ba. Tun daga lokacin duk wanda ya zo da mara lafiya nakan ce masa: kada ka wuce hawa na 2, kuma kafin ka biya ka tambayi maigadi yaushe aka yi wa lifta gyara na ƙarshe.

Maigadin nan, wanda suke kira bawwab, shi ne mai unguwar ginin. Shi ya san mai gyaran famfo da mai karɓar kuɗin wuta, shi yake sanin wanda ya shiga da wanda ya fita. Ka gaishe shi, ka biya kuɗinsa na wata a kan lokaci, kada ka manta da shi ranar sallah.

Ina ɗalibi aka yi girgizar ƙasar 12 ga Oktoba 1992, wadda ta kashe fiye da mutum 500, saboda haka ba na wasa da maganar ƙarin hawa a kan tsohon gini. Gwamnati ta buɗe ƙofar sulhu ga masu ginin da suka saɓa izini, da doka mai lamba 17 ta 2019, sannan da mai lamba 187 ta 2023. Mai niyyar sayen gida ya nemi ganin izinin ginin da takardar sulhun, ya kuma kai injiniya ya duba masa.

Maganar haya

Haya iri biyu ce. Yarjejeniyar da aka ƙulla bayan doka mai lamba 4 ta 1996 tana bin abin da aka rubuta ne kawai, kuma a ƙarƙashinta kowane baƙo yake. Tsohuwar haya kuwa kafin 2025 daskararriya ce: a lokacin akan sami maƙwabci yana biyan abin da bai kai kuɗin shayi ba, shi ya sa masu irin waɗannan gidaje ba su da ƙwarin gwiwar gyara. A watan Nuwamba na 2024 Kotun Ƙolin Tsarin Mulki ta ce daskarar da kuɗin hayar ya saɓa wa tsarin mulki. Doka mai lamba 164 ta 2025 ta ba da wa'adin shekara 7 ga gidajen kwana da shekara 5 ga shaguna da ofisoshi, ta ninka hayar manyan unguwanni sau 20 da mafi ƙarancin fam 1,000 a wata, da ƙarin kashi 15 cikin ɗari kowace shekara. In ka ji muhawara ta yi zafi a matakalar bene, yawanci a kan wannan ne, kuma baƙo ya kame bakinsa.

Kai dai ka tabbata an rubuta yarjejeniya, an sa adadin kuɗin ajiya da ranar mayar da shi, an lissafa kayan ɗaki, an rubuta lambar da mita take kai ranar da ka shiga. Ka kai takardar ofishin Shahrul Aƙari a tabbatar da ita, domin za ta yi maka amfani wajen neman iƙama. Doka ta ɗora wa mai gida sanar da 'yan sanda in ya saukar da baƙo, don haka kada ka ji haushi in ya nemi kwafin fasfonka. A sani kuma cewa lokacin hutun zafi, sa'ad da Larabawan yankin Gulf suke cika unguwar, hayar gida mai kayan ɗaki takan tashi sosai.

Shara da mota da hayaniya

Kuɗin shara yana haɗe da na wuta, amma galibi za ka ga wani mutum yana hawowa har ƙofa yana ɗauka, ana ba shi nasa daban. Irinsu ake kira zabbalin, sun gaji sana'ar, kuma sun ci gaba da ita ko a shekarun da aka ba kamfanonin Italiya da Sifen kwangilar shara, tun wajen 2003. Tulin shara a titi kuwa aikin hukumar tsabta ta Giza ne tare da hayyi.

Wurin ajiye mota shi ne babban abin faɗa a Muhandisin, domin an mayar da garejin benaye da yawa shaguna. Mai tsaron motoci a titi sunansa sayis, kuma doka mai lamba 150 ta 2020 ta ce sai da lasisi zai yi aikin, hukuma ce kuma take yanke farashi. Game da hayaniyar gidajen shayi, a watan Disamba na 2020 aka fara aiki da ƙayyadadden lokacin rufe shaguna, wanda yake bambanta tsakanin sanyi da zafi, kuma hayyi ake kai wa ƙara in mai shago ya ƙetare shi.

Yadda ake kai ƙara

Ka fara da bawwab, sannan shugaban ƙungiyar mazauna. In abin na titi ne, a rubuta takarda da Larabci, da sunan titi da lambar gini da hoto, maƙwabta su sa hannu. Ya fi kyau maƙwabci ɗan ƙasa ya shige gaba. A kai hayyi da safe, daga Lahadi zuwa Alhamis, a karɓo lambar shigarwa. In an ji shiru, akwai layin koke na gwamnati, 16528, wanda yake ƙarƙashin ofishin firaminista, shi ma yana ba da lambar bibiya. Ka adana kowane rasit, kada kuma ka ba dillali fasfonka ya tafi da shi.

Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Duk wanda ya sauka, kafin ya sa hannu a kowace takarda, ya nemi ɗaya daga cikin ɗalibanmu ko tsofaffin mazauna su karanta masa ita. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ba ɗalibai sa'a, ya mayar da kowa gida cikin aminci.