Na'ura da Karyayyun Duwatsun Rum

Romawa mutane ne masu son sassaƙa rubutu a dutse. Kabarin bawan da aka 'yanta, alamar nisan hanya, dokar sarki, godiyar soja ga abin bautarsa, duk sun bar su cikin harshen Latin, har yau kuwa ana tono sababbi kusan 1,500 a shekara. Sai dai dutse yana karyewa. Sau da yawa abin da ke isa hannun masani ɗan gutsure ne mai rabin suna, babu shekara, wataƙila ma an ɗauko shi daga muhallinsa an yi ganuwa da shi.

Tun 1863, da juzu'in farko na kundin rubuce-rubucen Latin da Theodor Mommsen ya jagoranta ya fito a Balin, dabarar cike gurbi ɗaya ce: kwatance. Masu sassaƙa sun saba maimaita lafazi. Da masani ya ga harufan D M a saman dutse ya san na kabari ne, sai ya nemo 'yan'uwansa ya gano abin da ya goge. A ganina manhajar Aeneas, wadda Google DeepMind da wasu jami'o'in Turai suka fitar a 2025, magajiyar wannan sana'a ce kurum. An horar da ita da rubuce-rubuce sama da 176,000, tana zaƙulo masu kama da juna nan take, ta yi hasashen zamani da kuma lardi cikin larduna 62 na daular Rum.

Masu suka suna cewa na'urar da ta koyi abin da aka saba za ta cusa shi ko'ina, ta binne baƙuwar kalmar da ita ce ribar tarihi. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, amma ɗan Adam ma yana da wannan rauni, shi ya sa masanan fannin suke saka duk harafin da suka ƙara cikin baka, don mai karatu ya bambance dutse da zato. Da aka gwada manhajar da bayanin ayyukan sarki Agustus, wanda ke jikin bangon haikali a Ankara, ba ta yanke hukunci ba. Lokuta biyu ta nuna, ɗaya gab da Miladiyya, ɗaya tsakanin shekara ta 10 da ta 20 ta Miladiyya, daidai inda masana suka daɗe suna saɓani. Kayan aikin da ke bayyana shakkarsa haka ya cancanci a yi amfani da shi, muddin hasashensa ya tsaya cikin baka.