Störtebeker: Gwarzon Talakawa ko Ɗan Fashin Teku?

Duk shekara a watannin zafi, dubban Jamusawa kan yi cincirindo a tsibirin Rügen don kallon wasan kwaikwayo kan Klaus Störtebeker, mutumin da aka ce birnin Hambag ya fille wa kai sama da shekara 600 da suka wuce. A wasan, gwarzo ne mai ƙwatar dukiyar attajirai yana raba wa talakawa. Tarihi bai nuna haka ba.

A zamaninsa, fataucin arewacin Turai yana hannun Hansa, ƙawancen biranen fatake da Lübeck ke jagoranta. Jiragensu na ɗaukar gishirin Lüneburg, da kifin Skane, da yadin Flanders, da fatu da kakin zuma na Rasha. Suna da manyan zanguna huɗu: Landan, Bruges, Bergen da Novgorod. Ƙarfinsu ya kai suka yaƙi Sarki Valdemar na Denmak, suka tilasta masa sulhun Stralsund a 1370.

Daga 1389 Sarauniya Margarete ta Denmak ta yi wa Stockholm ƙawanya. Sarakunan Mecklenburg, abokan gabarta, suka ɗauki mayaƙan haya su kai wa birnin abinci, su kuma far wa jiragen Denmak. Rostock da Wismar, biranen Hansa ne su ma, suka buɗe musu tashoshinsu suna sayen ganima. Da yaƙi ya lafa, mayaƙan suka ƙi ajiye makami. Sun wawashe Bergen tun 1393, suka yi sansani a Gotland, har aka fatattake su a 1398 suka koma Tekun Arewa. Can jiragen Hambag suka cafke wasunsu kusa da Helgoland, ciki har da wanda aka ce shi ne Störtebeker, aka miƙa su ga hauni, wasu sun ce a 1400, wasu 1401.

Labarin cewa gangar jikin Störtebeker ta tashi bayan sara ta wuce mutanensa 11 don a yafe musu, daga baya aka ƙaga shi. Masanin tarihi Gregor Rohmann ma yana ganin ainihin Störtebeker ɗan kasuwan Danzig ne da ya rayu bayan wannan kisa. Ni dai na fi gamsuwa da abin da takardu suka tabbatar: masu mulki da attajirai ne suka ba waɗannan mutane makami da kasuwa, sai da wutar ta kama jiragensu suka kira su ɓarayi.

Hansa kuwa ta ci gaba da ja da baya sannu a hankali, ta yi taronta na ƙarshe a 1669.