Hoton OCT da zaɓin maganin hawan jinin ido ga matasa

Hawan jinin ido, wato gilakoma, cuta ce da ke lalata jijiyar gani sannu a hankali, kuma ganin da ya tafi ba ya dawowa. An fi saninta da tsofaffi, amma akwai nau'in da ke kama mutum tsakanin shekara 3 zuwa 40, wanda galibi gadonsa ake yi.

Na'urar OCT, wadda masana suka fara bayyanawa a Amurka a 1991, tana amfani da haske wajen auna kaurin zaruruwan jijiyar gani ba tare da ta taɓa ido ba. Zaruruwan kan sirance tun kafin majinyaci ya lura da raguwar ganinsa. Akan kuma ɗauki hoton gaban ido domin duba magudanar da ruwan ido ke fita.

Matsin ido na lafiya yana tsakanin 10 zuwa 21 a ma'aunin mmHg. A matasa yakan zarce haka nesa, kuma sau da yawa maganin ɗigawa ba ya wadatarwa. Idan hotunan da aka ɗauka a jere suka nuna jijiyar na ci gaba da sirancewa, likita kan karkata ga tiyata.

Hoton kaɗai ba ya yanke hukunci. Yawancin na'urorin da idanun masu shekara 18 zuwa sama suke kwatantawa, don haka ake haɗawa da awon matsi da gwajin faɗin gani. Ana shawartar dangin majinyaci su ma su je gwaji.