Tarihin Faretin Lantarki na Disneyland

Faretin lantarki jerin gwano ne na motocin ado da 'yan rawa da ake gudanarwa bayan faɗuwar rana a manyan wuraren shaƙatawa, inda ake lulluɓe jikin kowace mota da tufafin kowane ɗan wasa da ƙananan ƙwayayen fitila, sannan a kashe hasken titi domin kada idon mai kallo ya ga komai sai siffofin da fitilun suka zana a cikin duhu. Wanda ya fi shahara a cikinsu, kuma wanda sauran suka ɗauki samfuri daga gare shi, shi ne Main Street Electrical Parade, da aka fara ranar 17 ga Yuni, 1972 a Disneyland, cikin garin Anaheim na jihar Kalifoniya a Amurka. Disneyland na daga cikin wuraren da ake kira dandalin shaƙatawa mai jigo, wato fili mai shinge da ake biyan kuɗin shiga, wanda aka karkasa shi unguwa-unguwa, kowace unguwa da labarin da gine-ginenta da lilonta da tufafin ma'aikatanta suke bayarwa. Unguwar da faretin ya ɗauki sunanta, Main Street, kwaikwayo ce ta babban titin ƙaramin garin Amurka a farkon ƙarni na 20, zamanin da fitilar gas take ba wa lantarki wuri, kuma Walt Disney ya tsara ta ne da tunanin garin Marceline na jihar Misuri, inda ya yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa.

Haskaka wurin shaƙatawa da dare ya girmi lantarki da nisa. Lambun Vauxhall na Landan ya yi suna a ƙarni na 18 saboda dubban fitilun mai da ake rataye a bishiyoyinsa, haka kuma lambun Tivoli na birnin Kopenhagen, wanda aka buɗe a 1843 kuma Walt Disney ya ziyarta kafin ya gina nasa dandalin, ya dogara ƙwarai da fitilu masu launi wajen jawo mutane da maraice. Bayan Thomas Edison ya samar da ƙwan fitila mai ɗorewa a 1879, sai hasken kansa ya zama abin kallo, kamar yadda aka gani a baje kolin duniya na Shikago a 1893, da kuma dandalin Luna Park na tsibirin Coney a New York, wanda aka buɗe a 1903 da ƙwayayen fitila kimanin 250,000, a lokacin da galibin gidajen Amurka ba su da wutar lantarki. Sai dai kusan duk wannan haske a kafe yake jikin gini. Inda aka so ya yi tafiya, kamar a garin Blackpool na bakin teku a Ingila, akan ɗora fitilun ne a kan taragon cikin gari mai shan wuta daga wayar da ke samansa, don haka jerin ba ya iya kauce wa layin dogo.

Dalilin da ya haifar da faretin Disneyland na kasuwanci ne tun asali. An buɗe dandalin ranar 17 ga Yuli, 1955, kuma tun ƙarshen shekarun 1950 ake wasan tartsatsin wuta a samansa da dare a lokacin bazara, amma iyalai da yawa sukan kama hanyar gida da zarar rana ta yi sanyi, alhali baƙon da ya tsaya har dare shi ne zai ci abincin dare a ciki, ya kuma leƙa kantuna kafin ya fita. A watan Oktoba na 1971, kusan shekara biyar bayan rasuwar Walt Disney, kamfaninsa ya buɗe babban dandalinsa na biyu, Walt Disney World, kusa da Orlando a jihar Fulorida, kuma a cikin bukukuwan buɗewar aka gabatar da Electrical Water Pageant, jerin kwale-kwale ne masu ɗauke da manyan ragogin waya da aka ƙawata da fitilu a siffar kifaye da dodannin ruwa, suna ratsa tabki cikin duhu da kiɗa. Ganin yadda jama'a suka karɓe shi, sai shugabannin kamfanin, ciki har da Card Walker, suka nemi a yi wa Disneyland makamancinsa, aka ɗora aikin a kan Robert Jani, shugaban sashen nishaɗi, da Ron Miziker, wanda ya jagoranci shirin.

Abin da ya yi sauƙi a kan ruwa ya zama jan aiki a kan tudu. Kwale-kwale na iya ɗaukar janareta, kuma tazarar da ke tsakaninsa da gaɓa tana haɗiye ƙara da hayaƙi, amma motar da za ta gifta ta gaban yaran da ke zaune a bakin titi ba ta da wannan dama. Mafitar da aka samu ita ce batir mai caji na nikel da kadmiyam, wanda sashen shirya finafinai na kamfanin ya fara amfani da shi ba da jimawa ba, kuma yana iya riƙe wutar mota guda daga farkon hanya zuwa ƙarshenta. Su kuwa fitilun, an samo su ne daga kamfanin Silvestri na Shikago, wanda ya yi suna wajen ƙawata bishiyoyin titin Michigan a lokacin Kirsimeti da 'yan mitsi-mitsin ƙwayaye ƙirar Italiya, kowane ɗaya bai kai ƙwayar gyaɗa kauri ba. Da yake farare ne, sai da aka rina su da hannu kafin a ɗaura su, kuma yawansu ya kai kimanin rabin miliyan. Aikin ya makara a Shikago har aka kwaso motocin ba a gama ba aka ƙarasa su a Anaheim, gwajin farko kuma bai yi daɗi ba, domin wata mota ta daki gini, tufafin wasu 'yan rawa suka riƙa tartsatsi. Duk da haka an fara a ranar da aka sa. Yawancin motocin 1972 shafaffun alluna ne na ragar waya a kan ƙafafun taya, irin na kwale-kwalen Fulorida, waɗanda ma'aikata sanye da baƙaƙen kaya suke ja ko turawa.

Batun sauti shi ne ya fi kowanne sarƙaƙiya, kuma a nan ne faretin ya bar gado mafi girma, ko da yake mai kallo ba ya lura da shi. Jerin da yake tafiya daga wannan gefe na dandalin zuwa wancan ba ya isa ga kowa a lokaci ɗaya, saboda haka kiɗan da aka sake a dukkan lasifikoki lokaci guda zai riga motocin isa wani wuri, ya makara a wani. Injiniyoyin kamfanin sun raba hanyar shiyya-shiyya, ta yadda shigar mota cikin kowace shiyya take aika saƙon rediyo da zai tayar da lasifikokin wurin, kowace mota kuma tana da nata kiɗan da yake hawa daidai a kan amon da ke gudana a ƙarƙashin faretin gaba ɗaya. Da aka inganta tsarin, sai kashe fitilun titi ma ya riƙa bin shiyyoyin nan, duhu yana tafiya gaban jerin kamar mai share masa hanya. Ana ɗaukar wannan a matsayin tsarin farko na sarrafa fareti da na'ura, kuma a kansa aka gina yadda ake gudanar da faretin dandalan kamfanin daga baya, na rana da na dare.

Amon da aka zaɓa shi ne "Baroque Hoedown", wanda Jean-Jacques Perrey ɗan Faransa da Gershon Kingsley suka fitar a 1967 da na'urar Moog, wato sintasaiza, na'urar da ke ƙirƙirar sauti daga lantarki ba tare da tsirkiya ko fata ko busa ba. Zaɓi ne mai hikima, domin fareti na lantarki ya samu kiɗan da shi ma lantarki ne ya haife shi, ga shi kuma gajeren amo ne mai juyawa ya koma farkonsa ba tare da an ji gaɓa ba, abin da ya ba da damar saƙa waƙoƙin finafinan kamfanin a kansa. An dakatar da faretin a 1975 da 1976 domin ba da wuri ga America on Parade, na bikin cikar Amurka shekara 200 da samun 'yanci, kuma da ya dawo a 1977 ya dawo ne da sabon jiki: motoci masu tsawo da faɗi da kauri a maimakon shafaffun alluna, da sabon tsarin kiɗa na Don Dorsey, da sanarwar buɗewa cikin muryar Jack Wagner wadda daga baya aka bi da ita ta na'ura har ta koma kamar ta mutum-mutumi.

Siffar 1977 ce ta zauna a zukatan mutane. Tun rana ba ta gama faɗuwa ba iyalai suke shimfiɗa barguna a gefen titi domin kama wuri, masu tura keken kaya suna sayar da gugguru da sandunan wasa masu walƙiya, ma'aikata suna ja da igiya suna raba hanyar wucewa da wurin zama. Da fitilun kantuna suka dushe, sai a ga aljanar tatsuniyar Pinocchio cikin doguwar shuɗiyar riga ta haske, sai jirgin ƙasa mai jan babbar ganga da sunan faretin a jikinta, sai dodon koɗi da kunkuru da ƙwari suna juyi a tsakiyar titi suna matsowa dab da ƙafafun yara, sai keken dokin Cinderella mai siffar kabewa da hasumiyar agogo a bayansa, sai Elliott, koren dodon fim ɗin Pete's Dragon na 1977, yana fitar da hayaƙi ta hanci, yana ɓacewa ɗungurungum idan aka kashe fitilunsa, ya sake bayyana idan aka kunna. Wannan ɓacewa ta Elliott ta nuna sirrin sana'ar baki ɗayanta, domin ƙarfe da taya da batir da direba duk suna nan a gaban mai kallo, duhu ne kawai ya rufa musu asiri, kuma abin da masu shirin suka fi ƙwarewa a kai shi ne sanin abin da bai kamata a haskaka ba.

Daga nan faretin ya yaɗu. An ƙera wani irinsa domin dandalin Magic Kingdom na Fulorida, ya yi aiki daga 1977 zuwa 1991, sannan aka ɗauke shi zuwa dandalin kamfanin da ke kusa da Paris, wanda aka buɗe a watan Afrilu na 1992, inda ya ci gaba har 2003. Tokyo Disneyland ta samu nata daga 1985 zuwa 1995, kuma a 2001 ta farfaɗo da shi da sunan Dreamlights, wanda take sabunta motocinsa lokaci bayan lokaci.

A 1996 kamfanin ya sanar da cewa faretin Anaheim zai yi bankwana, jama'a suka yi cincirindo har aka ɗaga ranar rufewa daga tsakiyar Oktoba zuwa 25 ga Nuwamba, aka kuma sayar da ƙwayayen fitilunsa ɗaya-ɗaya cikin 'yan akwatuna domin tunawa. Magajinsa, Light Magic, ya zo a 1997 da fasahar da ta fi ta da, musamman zaren gilashi mai ɗaukar haske, amma an tsara shi ne a matsayin manyan dandamali da za su tsaya a wurare ƙayyadaddu su yi wasa, don haka wanda bai dace da wurin zama ba ba ya ganin abin kirki, kuma bai wuce bazara ɗaya ba. Faɗuwarsa ta tabbatar da darajar tsohon tsarin: fareti mai tafiya yana kai kansa ga kowa, wanda ya zo da wuri da wanda ya makara, kowa da rabonsa na kusanci. A watan Yunin 1997 aka fitar da motocin lantarkin zuwa titunan New York domin bikin fitowar fim ɗin Hercules, kuma a can ma sai da aka nemi 'yan kasuwar da ke kan hanyar su rage fitilunsu. Bayan haka faretin ya riƙa kai da komo tsakanin Fulorida da Kalifoniya: Magic Kingdom daga 1999 zuwa 2001, Disney California Adventure daga 2001 zuwa 2010, Magic Kingdom kuma daga 2010 zuwa 2016, sannan ya koma gidansa na asali na 'yan watanni a 2017 da 2019, da kuma 2022 lokacin cikarsa shekara 50. Akwai masu ganin yawan bankwana da dawowar nan dabarar ciniki ce, kuma maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, sai dai dabarar ba za ta ci ba in da waɗanda suka kalle shi suna yara ba su ɗokin kawo nasu 'ya'yan.

Sauyi mafi girma a ƙarni na 21 ya zo ne daga fitilar LED, wadda take ba da haske daga ɗan guntun sinadari maimakon zaren da ake ƙonawa, ba ta zafi sosai, ba ta cin batir da yawa, kuma tun da Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura suka samar da shuɗiyarta mai ƙarfi, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2014, ya zama ƙwaya ɗaya tana iya canja launi bisa umarnin kwamfuta, ba sai an rina ta da hannu ba. Faretin Paint the Night, da aka fara a Hong Kong Disneyland a watan Oktoba na 2014, aka kuma kawo Anaheim a watan Mayu na 2015 domin cikar dandalin shekara 60, an gina shi ne kacokan a kan wannan fasaha, da fitilu sama da miliyan ɗaya da rabi, kuma masu shirya shi sun saka ɗan amon "Baroque Hoedown" a cikin kiɗansa domin girmama na farko. A farkon 2024 dandalin Paris ya ɗaga siffofin tsohon faretin zuwa sama da ɗaruruwan ƙananan jirage marasa matuƙa, kowanne ɗauke da fitila, suna jeruwa a saman fadar dandalin su zana jirgin ƙasa ko dodo. A 2025 Paint the Night ya koma Anaheim domin bikin shekara 70, Magic Kingdom kuma ta ƙaddamar da sabon faretin dare mai suna Disney Starlight a watan Yuli, bayan ta shafe kusan shekara tara ba ta da ko ɗaya.