Marubuta Labaran Laifi da Laburaren Jama'a a Ƙasar Hausa

Garin Wudil yana da makarantu biyu waɗanda suka sa wannan batu ya dace da shi. Akwai jami'ar kimiyya da fasaha wadda ta fara aiki a shekarar 2001, aka kuma sa mata sunan Aliko Dangote a 2022. Akwai kuma makarantar horar da manyan jami'an 'yan sanda. A ɗayar ana koyon bin diddigin ilmi, a ɗayar ana koyon bin sawun mai laifi. Labarin laifi, watau ƙagaggen labarin da aka gina a kan sata ko kisan kai ko fasa-ƙwauri da yadda asirin mai laifin ya tonu, ya haɗa abubuwan nan biyu. Abin tambaya shi ne: wace dangantaka ce ta shiga tsakanin marubutan irin waɗannan labarai da laburaren jama'a, wanda aka kafa da dukiyar talakawa domin kowa ya karanta kyauta?

Yadda abin ya faro a Turai

Masana adabi sun fi danganta asalin labarin bincike ga Edgar Allan Poe na Amurka, wanda ya buga irinsa na farko a 1841. Bayan shekara tara, a 1850, Majalisar Ingila ta yi dokar da ta ba hukumomin garuruwa ikon kafa laburare da kuɗin haraji. Ke nan kusan tare suka tashi. Conan Doyle ya fito da Sherlock Holmes a 1887, Agatha Christie kuwa littafinta na farko ya fito a 1920. A tsakanin 1883 da 1929 attajirin nan Andrew Carnegie ya ba da kuɗin gina laburare fiye da 2,500, galibinsu a Amurka da Birtaniya.

Da farko zaman nasu na doya da manja ne. Manyan ma'aikatan laburare na lokacin suna ganin aikinsu shi ne gyara tarbiyyar leburori, don haka suka daɗe suna gardama a kan ko ya halatta a sayi labaran nishaɗi da kuɗin haraji. Wannan giɓi ne 'yan kasuwa suka cike da ɗakunan haya. Kamfanin magunguna na Boots, alal misali, ya riƙa ba da hayar littattafai a kantunansa tun daga ƙarshen ƙarni na 19 har zuwa 1966. Daga bisani laburaren gwamnati ya sassauta, ya zama babban mai sayen labaran laifi, har masu maɗaba'a suka riƙa dogara da shi kafin su buga sabon littafi. Sai kuma marubuta suka ce ai duk littafin da aka ara sau ɗari, ciniki ɗaya kurum aka yi musu. Danmak ta fara biyan marubuta ladan aro a 1946, Birtaniya ta yi tata dokar a 1979. A can, gardama ta ƙare da cin moriyar juna.

Mafarin labarin laifi a Hausa

A ƙasar Hausa abin ya bi wata hanya dabam. A 1933 Rupert East na Hukumar Talifi da ke Zariya ya shirya gasar ƙagaggun labarai, aka sami littattafai biyar. Biyu daga cikinsu laifi ne ginshiƙinsu. Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo labari ne na ɓarayi da dabarunsu. Jiki Magayi na John Tafida da East labarin ramuwar gayya ne, inda asiri ya mai da yaro ɓarawo har abin ya kai ga kisan kai. Abin lura shi ne babu ɗan sanda mai bincike a tsakiyar waɗannan labarai. Alhaki ne yake bin mai shi, kamar yadda Hausawa suka ce alhaki kwikwiyo ne. Wannan salo na wa'azi ya daɗe yana bin labarin laifi na Hausa.

Abu na biyu shi ne waɗannan littattafai makaranta aka yi wa su. Hukuma ce ta sa gasa, ita ta buga, ita ta rarraba wa ɗalibai. Haka aka ci gaba a zamanin Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945, da hukumar NORLA wadda ta yi aiki tare da shirin Yaƙi da Jahilci har aka rufe ta a 1959, da kuma kamfanin NNPC na Zariya da aka kafa a 1966. Marubuci yana duban malamin makaranta da jami'in ilmi, domin su ne kasuwarsa.

Zuwan laburare

Ƙasar Hausa ta san ajiyar littattafai tun kafin zuwan Turawa, a zaurukan malamai da fadojin sarakuna. Amma ɗakin karatu na kowa da kowa ya yaɗu ne a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da aka sa En'e-En'e su buɗe ɗakunan karatu domin jama'a su san labarin yaƙi. A 1952 aka kafa laburaren Jihar Arewa a Kaduna, wanda ya riƙa aika akwatunan littattafai zuwa larduna. A 1953 hukumar UNESCO ta yi taro a Ibadan a kan raya laburaren jama'a a Afirka, sa'an nan a 1963 wani masani daga Ostareliya, F. A. Sharr, ya rubuta rahoto a kan bukatun laburare na Arewa. Da aka ƙirƙiro jihohi a 1967, aikin ya koma hannun kowace jiha, har da Jihar Kano.

Laburaren da ya fito daga wannan tarihi na Turanci ne galibi, masu zuwa cikinsa kuwa yawanci ɗalibai ne masu shirin jarrabawa da ma'aikata masu neman ƙarin girma. Labaran laifin da matasa suka fi ɗoki, irin na James Hadley Chase, sun fi yawo daga hannu zuwa hannu a makarantun kwana da wurin masu sayar da tsofaffin littattafai. Haka ma jerin Pacesetters na kamfanin Macmillan da ya fara fitowa a 1977, wanda a cikinsa Mohammed Sule na Kano ya yi suna tun yana saurayi.

Shekarun arzikin man fetur

Bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, da kwararowar kuɗin man fetur, laifi ya canza kama, adabi ma ya bi shi. Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo, na 1978, ya nuna yadda birni ke haɗiye ɗan ƙauye ya jefa shi cikin miyagun abokai. A 1982 aka buga littattafan da suka yi fice a gasar da Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya ya shirya. Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina ya tona yadda fasa-ƙwauri da cin hanci suke tafiya tare. Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare ya kawo Mailoma, wanda ya fito daga fagen yaƙi ya kafa ƙungiyar ta'addanci. Waɗannan littattafai sun shiga laburare da manhajar jami'o'i, domin sun fito ta hannun maɗaba'ar da hukuma ta sani. A wannan ɗan lokaci ne marubucin labarin laifi da laburare suka fi kusantar juna.

Rabuwar hanya

Kusancin bai daɗe ba. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka ja baya daga buga ƙagaggun labarai, laburare kuma ya rasa kuɗin sayen sababbin littattafai. Sai matasa suka shiga buga nasu da kansu a ƙananan maɗaba'o'in Kano. Wannan shi ne abin da wasu suka kira Adabin Kasuwar Kano. An fi saninsa da soyayya, amma akwai marubuta irin su Bala Anas Babinlata da Nazir Adam Salih waɗanda suka yi suna da labaran makirci da 'yan fashi da bin sawu.

Waɗannan littattafai kasuwa ce ta ɗauke su, tare da shagunan haya na unguwanni, inda mai karatu zai ba da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ya ɗauki littafi ya dawo da shi bayan kwana ɗaya ko biyu. Ta nan ne karatu ya shiga gidaje ya isa ga matan aure da 'yan mata waɗanda ba su zuwa laburare. Mai shagon haya ya yi aikin da Boots ya yi a Ingila. Bambancin shi ne a nan laburaren gwamnati bai biyo baya ya karɓi aikin ba. Dalilan suna da yawa: ƙarancin kuɗi, da raunin takarda da ɗinki, da rashin lambar rajista a kan yawancin littattafan, da kuma kallon raini da 'yan boko da malamai suka yi musu. Dokar Laburaren Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa mai buga littafi ya ajiye kwafi uku, amma akasarin masu bugu a kasuwa ba su bi ta kanta ba.

Hukuma ma sa'ad da ta waiwayo, da sanda ta zo. An kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano a 2001. A 2007, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, an ƙona littattafan Hausa a bainar jama'a a wata makarantar 'yan mata, bisa zargin suna ɓata tarbiyya. A ɗaya gefen kuma, Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess sun tattara ɗaruruwan waɗannan littattafai a makarantar SOAS ta Jami'ar Landan, suka buga jerin sunayensu a 2004. Ga shi an wayi gari ɗalibin da ke son nazarin abin da aka rubuta a Kano yana iya bukatar abin da aka adana a Landan.

Kammalawa

Wannan rashi ya wuce na marubuta kaɗai. Labarin laifi yakan ajiye abin da rahoton hukuma ba ya ajiyewa: yadda talaka yake kallon ɗan sanda da alƙali, da abin da yake tsoro, da irin hukuncin da yake ganin ya dace. Wanda ke son fahimtar yadda fashi da makami da fasa-ƙwauri suka shiga tunanin jama'a a shekarun 1980 zai ƙaru da Turmin Danya da Ƙarshen Alewa Ƙasa. Yanzu kuma da yawan marubuta sun koma WhatsApp da Wattpad da YouTube, inda labari ke iya ɓacewa da lalacewar waya ɗaya.

Gyaran bai fi ƙarfin hukumomi ba. Hukumar laburare ta jiha tana iya ware wani kaso na kuɗinta kowace shekara domin sayen ƙagaggun labaran Hausa kai tsaye daga marubuta, ta kuma sayi tsofaffin da suka rage a shagunan haya kafin gara ta gama da su. Ƙungiyoyin marubuta su ɗauki ajiye kwafi a matsayin kare haƙƙinsu. Laburaren jami'ar Wudil da na makarantar 'yan sanda kuwa suna da dalili na musamman na buɗe sashen labaran laifi na Hausa, domin jami'in da zai yi aiki cikin jama'a ya kamata ya san yadda jama'ar suke ba da labarinsa. Ɗaliban yau su ne ma'aikatan da za su tsara kasafin kuɗin gobe, shawarar abin da za a adana da abin da za a bari ya salwanta kuwa a hannunsu za ta kasance.